Duwatsu Uku Gabas da Gawo

Da sunan Allah. Ni ne Labo ɗan Barmo na Badagishiri. Na rubuta wannan cikin Sha'aban na 2006, jiki ya gaji amma hankalina garau yake. Zuwa ga 'ya'yana, Inusa, Nafi'u da Mubaraka.

Na ɗaya. Gida da gonar gero a raba su yadda malamai suka ce. Jaki da amalanke na ba Nafi'u tun da raina, shi kaɗai ke jure taurin kan dabbar nan.

Na biyu, wanda dominsa na ɗauki alƙalami. Sammaci ya zo daga gidan shari'a na Ƙonni: bayan kaka za a sake sauraron ƙarar fadamarmu ta albasa. Hawa'u, matar marigayi Sallau maƙwabcinmu, ita ta tayar da ita. Inusa, na ji kana neman lauya. Ka bari.

Shekarar babban ruwa korama ta shafe iyakarmu da Sallau, yashi ya rufe komai. Aka je shari'a, na ci. Amma da hannuna na taya ubana binne duwatsu uku a kan iyakar. Suna nan, taku bakwai gabas da gawo. Rijiyar da muke ban ruwa da ita cikin ƙasar Sallau take. Alƙali ya tambaye ni ko akwai alama, na ce ban tuna ba. Shekaru muna sahu ɗaya da Sallau a masallaci, har na ɗauki makararsa, ban buɗe baki ba. Kwaɗayi ya fara hana ni, kunya ta ƙarasa. Yanzu tsoron haɗuwa da shi nake ji.

Na uku. Ku kai wa alƙali wannan takarda, ku roƙi a tona wurin. Za ku rasa rijiyar da rabin fadamar, kuma a kasuwa za a ce ubanku ya yi ƙarya. Kada ku musa. Mubaraka, ke ce mai sanyin baki, ki riga su zuwa wurin Hawa'u ki nemar mani gafara.

Na huɗu. Abin da ya rage kaɗan ne, kada ku tsaga shi. Ku haƙa sabuwar rijiya tare, ku sha tare.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya ba ku abin da ya fi wanda na sa kuka rasa. In na tafi kafin ranar shari'a, kada ku jira. Da kun gama rufe ni, kada ku aje hauya, ku wuce da ita wajen gawon.