Feshi Ya Kai Garkata

Ɗana Isufu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki da baƙunta. Ya Hadiza da yara? Mu nan lahiya, sai tsufa.

Ka ce a tsibirin da kuke ƙirgar ƙwari, can tsakiyar teku, akwai irin da babu su ko'ina, kuma suna ƙarewa. To, ga namu labarin. A gefenmu na fadamar Badagishiri, garkata kaɗai ba a yi wa feshi, shi ya sa zuma, zanzaro da mazari suka taru cikinta. Makon jiya ina kwance da zazzaɓi, baffanka Ila ya feshe albasarsa, magani ya ragu, sai ya ƙarasa shi kan kabewata. Ya zo da fara'arsa: "Yaya, na hutasshe ka, ko tururuwa ban bari ba." Godiya na yi masa. Duk karatun noman da na yi a lakwal (makaranta), ƙanena ma na kasa fahimtar da shi.

Yanzu furen kabewa zubewa yake, babu ƙwaron da zai sauka kansa. Ku rubuta sunayen ƙwarin naku tun suna nan.

Ka gai da abokan aikinka, ka sa mu cikin addu'a.

Babanka,
Mamman