Inna Ta Dangwala

Asabar, ranar zaɓe, bayan isha'i

Ƙafafuna ciwo suke yi, amma murna ta hana ni kwanciya. Yau Inna ta yi zaɓe. Tun da ɓarayin daji suka raba mu da gonarmu ta Kusa muka dawo Jibiya ta ce ita da dangwale har abada. Na lallashe ta har na gaji.

Bana nan firamaren Jibiya aka maido rumfar zaɓen ƙauyenmu. Boda a rufe, ba mota ba babur, na ɗauka ba wanda zai zo. Da hantsi sai ga matan ƙauye a ƙasa, tun asuba suka taso, har da masu goyo. Inna ta leƙa ta gan su, ta koma ɗaki ta fito da mayafinta na Juma'a, katinta ƙulle a bakin zane. Ta ce, "Waɗanga sun tako tun daga gida, ni ina nan zaune? Tashi mu tai."

Layi har bakin titi. Can Yaya Sani ya same mu. Wata biyu ba ma ga maciji saboda jam'iyya, amma ya riƙe mata hannu ɗaya, ni ɗaya, kowa na raɗa mata alamar tasa. Ta ce mu rufe mata baki.

Ɗan takararsa ne ya ci rumfarmu, kuma wallahi ban ji zafi ba. Da magariba ya shigo da tsire, muka zauna mu uku. Muka yi ta tambayarta wa ta zaɓa. Ta ce ita ta haife mu, ba mu muka haife ta ba, ta ja tsiren gabanta.