Yadda Sakiusa Yake Gano Inda Muke

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Torika, a Kadavu.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na 'ya ga uwa, ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk mutanen gida. Yaya gwiwar taki? Yaya Litiana ta ce yanzu ba kya iya hawa tudun coci, sai dai a biyo a yi miki addu'a a gida. Allah ya sauwaƙe, ya ƙara miki kwana da ƙarfi. Ina fata rogon da kika dasa a bayan ɗaki ya yi, kuma jirgin ruwan Suva yana zuwa a kan kari ba kamar bara ba. Mu nan lafiya lau. Jikarki Miliana ta yi tsawo, haƙoranta biyu na gaba sun fita, in tana magana iska na bi ta wurin. Takan tambaye ni yaushe za mu je ta ci kifin Kaka mai ruwan kwakwa. Ni ma ina ci, ina barci, ina tashi in tafi aiki. 'Ya'yanki maza, Yaya Apenisa a Griffith da autanki Epeli a Sydney, duk suna nan ƙalau.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali kowa na da waya a aljihu. Na sha ɗauko wayar don in faɗa miki abin da ke nan, sai in ji muryata ba ta da niyyar fitowa, mu ɓuge da zancen farashin gwaza. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ki sa Yaya Litiana ta karanta miki a hankali, ba a gaban baƙi ba.

Kin san na bar gidan mijina Sakiusa a lokacin tsinkar inabi. Na gaya miki dalili a lokacin, amma bari in sake faɗa a rubuce. Ya buga kaina da ƙofar firiji a gaban Miliana. Tun ranar kunnena na hagu bai ƙara jin komai ba, likita kuma ya ce ba zai dawo ba. Wasu mata masu taimakon irinmu suka ɗauke mu daga asibiti zuwa wani gida a Wagga Wagga, gidan da ko lamba babu a ƙofarsa. Ba mu cika wata ɗaya a can ba, ran nan na je ɗauko Miliana daga makaranta, sai ga farar motarsa a tsallaken titi. Bai fito ba. Ya sauke gilashi, ya ɗaga mini hannu kamar mun rabu lafiya da safe. A ranar aka sake kwashe mu.

Daga nan ne 'ya'yanki suka ɗauki maganar waya, don sun ce ta wayata ya gano mu. Kin san su tun suna yara, in ɗaya ya ce teku ta cika, ɗayan zai ce janyewa take. Wayoyin nan na zamani iri biyu ne manya, Inna. Akwai iPhone, ita Epeli yake riƙewa, akwai kuma masu Android, irin ta Yaya Apenisa da wadda Sakiusa ya saya mini. Epeli ya taso takanas daga Sydney da wata tsohuwar iPhone ɗinsa, ya ce in jefa tawa a kogi. Wai tasa kamar gida ce mai katanga da ƙofa ɗaya da maigadi, duk manhajar da za ta shiga sai an caje ta, ita kuwa ta Yaya kasuwar Suva ce ranar Asabar, kowa ya shigo da buhunsa. Yaya Apenisa ya ce yaro man kaza, wanda bai iya canza tayar mota ba shi ne zai koya wa mutane tsaro. Wai tasa tana nuna maka kowace taga ka rufe da hannunka, ta Epeli kuwa gidan haya ce, mabuɗin yana wurin mai gida, kai dai a ce maka ka kwanta an kulle. Epeli ya ce ai gara gidan haya mai ƙofa da gidan kanka da ba rufi. Yaya ya ce masa ɗan birni mai wayar nuna wa 'yan mata. Haka suka yi ta yi a gefen filin zari-ruga, suna nuna wa juna abubuwa a gilashin waya, ni ina zaune a mota da Miliana a cinyata. Na san tsoro ne yake cin su. Ba za su iya zuwa su kama Sakiusa da duka ba, don takardun zamansu a ƙasar nan za su lalace, sai suka huce a kan waya.

A wannan karon Epeli ne ya ci. Matar da ke kula da maganarmu, Malama Kerryn, ta sa wani masani ya duba tsohuwar wayata. Aka tarar tun ranar da Sakiusa ya saya mini ita, shi ya buɗe mini asusun da ke cikinta, shi ya zaɓi lambar sirri, ya kuma kunna abin da ke nuna masa inda nake a taswira. Shekaru yana kallona ina zuwa masana'antar yankan kaji ina dawowa. Epeli ya yi ta murna kamar ƙungiyarsa ta ci kofi. Yaya ya ce wannan ba laifin waya ba ne, duk wanda ya ba kura ajiyar nama kada ya zagi tukunya, amma ba wanda ya saurare shi. Aka ba ni sabon layi, sabon asusu, sabuwar lambar sirri da ni kaɗai na sani, a cikin wayar Epeli. Aka kai mu Dubbo.

A Dubbo na fara sakin jiki. Miliana ta samu ƙawa, ni na samu aikin gyaran gadaje a gidan kula da tsofaffi. Na sayi tukunya, na samu shagon da ake sayar da rogo daskararre. A lokacin ne nake kiran ki kowace Asabar, kina tuna? Har na aiko da hoton Miliana a wayar Yaya Litiana, ranar da ta fara sa rigar sabuwar makarantarta, kika ce ta yi kama da ni sak.

Wata ranar Talata da rana na fito daga wurin wankin kaya da kwando a hannu, na ga Sakiusa zaune a bencin tashar bas. Ya yi aski, ya sa rigar da yake zuwa coci da ita. Ya ce mini sannu da aiki, ya ce Miliana ta rame, ko ba na ba ta abinci. Inna, ban ji tsoro ba, ban ji fushi ba. Na ajiye kwandon a ƙasa na tsaya ina kallon wata safa da ta faɗo. Mai shagon wankin ne ya fito ya kira 'yan sanda.

Sai musu ya juya. Yaya Apenisa ya bugo wa Epeli ya ce to ina maigadin naka, ko fitsari ya tafi? Epeli ya rantse ba ta wayarsa aka shiga ba, sai dai in na taɓa wani saƙon da bai kamata ba. Yaya ya sayo sabuwar Android, ya ɓata ranar hutunsa guda yana rufe abubuwa a cikinta, ya kawo mini da kansa, ya ce wannan ko aljani bai san hanyarta ba. Malama Kerryn ta kai wayar Epeli wurin masanin nan. Ya duba ciki da bai, ya duba jakata, da 'yar tsanar Miliana, da ƙarƙashin motar da ake kai mu. Babu komai. Ya ce in gaya wa 'yan'uwana su kwantar da hankali. Wai a wurin mace irina, kowace daga cikin biyun ta isa, muddin ana sabunta ta a kan lokaci, ba a cusa mata manhajar da ba a san asalinta ba, kuma lambar sirrin tana kan mai ita kaɗai. Ɗaya ta fi tsanani a ƙofa, ɗaya ta fi ba mutum zaɓi, amma ba wadda mutum irin Sakiusa zai fasa daga nesa. Sannan Malama Kerryn ta tambaye ni su wa suka san garin da nake. Na ce 'yan'uwana biyu da mahaifiyata, kuma duk cikinsu ba wanda zai faɗa. Ta dube ni, ta ce to, ta rufe zancen.

A kotu na ji sauran. An kai Sakiusa ne don ya karya umarnin da aka ba shi na kada ya kusance mu, ana kuma zarginsa da bin sawuna ta waya. Wannan zargin na biyu ne ya ƙona masa rai. Ya miƙe ya ce shi ba ɓarawo ba ne, bai taɓa wayar kowa ba tun da na tafi. Ya ce surukarsa ce ta gaya masa. Wai kowace Lahadi bayan an taso coci yana kiran ki ku gaisa, kuma ke kika ce masa muna Dubbo, kika sa aka karanta miki sunan makarantar da ke ƙirjin rigar Miliana a hoto, kika faɗa masa. Ya ce kin yi masa addu'a, kin ce ya je ya dawo da iyalinsa, abin da Allah ya haɗa kada mutum ya raba. Lauyansa yana jan hannun rigarsa ya zauna, shi kuwa yana ɗaga wayarsa yana nuna wa alƙali jerin kiran da ya yi miki. Alfahari yake yi.

Da muka fito, mu uku muka tsaya a wurin ajiye motoci. Epeli yana ta juya mabuɗi a yatsa. Can Yaya Apenisa ya ce to yanzu wayar wa ta ci, ya so mu yi dariya, ba wanda ya yi, shi ma bai yi ba. Epeli ya ce zai kira ki a take, na karɓe wayar daga hannunsa. Muka shiga wani shago suka saya mini abinci, na cinye tas. Ina jira in ji wani abu ya tsinke a ƙirjina, har yau bai tsinke ba. An ɗaure Sakiusa na 'yan watanni. Zai fito kafin Kirsimeti.

Inna, ban rubuto don in yi miki faɗa ba, ba ni da bakin yi wa uwata faɗa. Na san shi ya hau ya rufa miki ɗaki da hannunsa bayan guguwa ta yaye kwanon. Na san yadda yake durƙusawa in zai gaishe ki, da yadda yake kuka a waya. Ni ma wannan kukan ya mayar da ni gidansa ba sau ɗaya ba. Na kuma san irin zaman da kika yi da Baba, Allah ya ji ƙansa, kika haƙura har ya tsufa ya yi sanyi, kike ganin kowane namiji haka yake sanyi in an jira shi. Kin ce mini mai haƙuri yakan dafa dutse. Gaskiya ne, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likitan ya ce da ƙofar ta sauka ƙasa kaɗan da inda ta same ni, da ba kunne kaɗai na rasa ba. Na yarda alheri kika nufa. Da mugunta ce da ta fi mini sauƙi, da na san inda zan ajiye ta.

Yanzu mun sake tashi. Wayoyin biyu suna nan, ina ɗaukar duk wadda ke da caji. 'Ya'yanki sun daina musun, abin har ya ba ni kewa. Ran nan Epeli ya ce Yaya ya kira shi yana tambayar yadda ake rufe wani abu a iPhone don matarsa, suka yi magana kamar baƙi biyu a asibiti.

Ga yadda za mu yi, kuma ina roƙon ki yafe mini. Takardar nan Epeli ne zai saka ta a gidan waya daga Sydney, in za ki ba da amsa ki aika ta wurinsa. Zan riƙa kiran ki ranar Asabar kamar da, amma lamba ba za ta fito ba, kada ki ƙi ɗauka. Za mu yi zancen gwiwarki, da 'yan waƙar coci, da wanda ya haihu da wanda ya rasu. Hotunan Miliana za su riƙa zuwa, da kayan gida, a jikin farin bango. Na koya mata kada ta faɗi sunan gari ko na malamarta, har ga Kaka. Ta tambaye ni ko Kaka ma mugu ce, na ce a'a, Kaka tana son kowa ne, shi ya sa. Ba zan ce ki daina ɗaukar kiran Sakiusa ba, na san ba za ki iya kashe wa mai gaishe ki waya ba. Ki gaisa da shi, ki yi masa addu'a, yana bukata. Abin da ba ki sani ba dai ba za ki iya ba shi ba. In kin tambaye ni inda muke kika ji shiru, ba layi ne ya yanke ba, ina nan ina jin ki da kunnen da ya rage.

Ki gaishe mini da Kawu Ilaitia, ki ce ya rage shan kava, jiƙon saiwar nan mai kashe jiki, ya riƙa cin abinci. Ina gaida Gwaggo Unaisi da jikokinta, da Fasto da iyalinsa, da matan zumunta baki ɗaya. Yaya Litiana, ke da kike karantawa, na gode, ki zauna kusa da ita in kin gama, ki dafa mata shayi. Miliana ta ce a gaya wa Kaka akwai haƙorinta ɗaya da ta ajiye mata a cikin kwalbar magani, za ta kawo mata in mun zo. Ubangiji ya tsare ki, ya tsare mu, ya sa mu gana da alheri.

Ni ce 'yarki har kullum,
Vasiti