Kwanon da Aka Shafa wa Jan Fenti

Gwaggo Turai, ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da za a daɗe ana zancensa a Zakka, garin su maigidana.

"Ranar da likita ya ce ciwon nan ba a ɗaukarsa, ni da hannuna zan mayar da ƙanena akushi." Wan mijina ne, Yaya Sammani, ya faɗi haka a zaure, gaban mutane. Yau wata biyar da likita ya faɗa.

Ni malamar firamare ce a Safana. Maigidana ya yi shekara goma sha ɗaya yana haƙar kuza a Jos, ya dawo gidansu a Zakka da tari da rama. Gida suka yanke hukunci tun kafin asibiti: tarin fuka ne. A gidansu maza bakwai ke zagaye akushi ɗaya kullum. Yaya Sammani ya fitar da shi daga ciki, ya sa aka shafa wa wani kwano jan fenti don kada ya gauraya da na mutane. A ciki ake miƙa masa tuwo a bayan rumbu, kamar ana ba kare.

Na kai shi babban asibiti a Zariya. Suka karɓi majinarsa, muka yi ta jira makonni. Sakamako ya ce ba tarin fuka ba ne, wata cuta ce 'yar uwarsa. Ƙwayar tana cikin ƙasa da ruwa, kowa yana gamuwa da ita, amma sai mai raunin huhu take kamawa, irin wanda ƙurar rami ta cinye. Likita ya rubuta cewa ba a san ta da tashi daga mutum zuwa mutum ba.

Na karanta wa Yaya takardar, na mayar masa da ita Hausa layi-layi. Ya ce a bari damina ta wuce. Ta wuce. Ya ce a bari a gama cirar gyaɗa. An cire, an sayar, ya sayi rediyo. Mutumin da ke shan ruwan tafki ɗaya da shanu shi ne ke ƙyamar yatsun ƙanensa! Don in nuna musu, ni da ban taɓa haɗa kwano da namiji ba, na koma ci da maigidana a jan kwanon nan. Ga ni garau, har ƙiba na yi. Sai suka ce boko ya cire mini kunya.

Abin da ya fi ƙona ni, shi maigidan nawa ba ya ƙorafi. Da ya ji dariya daga zaure sai ya tsame hannu, ya ce ya ƙoshi. Likita kuwa ya ce in ba ya ci, maganin ba zai yi masa komai ba.

Na ba Yaya wa'adi zuwa Babbar Sallah. In ranar ba su ci nama a akushi ɗaya ba, zan rataye kwanon a ƙofar zaure don kowane baƙo ya tambaya, in ɗauki mijina mu koma Safana, ba za mu sake taka gidan ba.

Mai Jan Kwano, Safana

*

'Yar uwa, gaskiya tana wajenki, takardar likita ma tana bayanki. Amma ki lura da abu guda. Mutanen zamanin Yayanku sun binne 'yan uwa da yawa saboda tarin fuka, kuma ware kwano shi ne kaɗai kariyar da suka sani. Tsoro ne ya fara shafa fentin. Abin da ya hana a goge shi yanzu girman kai ne: ya yi alkawari a gaban jama'a, kuma matar ƙanensa ce ta zo da takardar da ta kayar da shi. In kika rataye kwanon, kin toshe masa hanyar dawowa.

Ki nemi malamin asibitin Safana da limamin Zakka su je gidan tare. Malamin ya yi bayani, liman ya fara sa hannu a akushi da maigidanki. Bin liman ba zai zame wa Yaya abin kunya ba. Ke kuma ranar ki yi shiru, ko da zai yi miki wuya.

Wasiƙarki ba ta faɗi abin da maigidanki yake so ba. Kin tambaye shi? Wanda ke tsame hannu don ya ji dariyar 'yan uwansa, su yake nema, ba nisa da su ba. Ki kula kada ki raba shi da su gaba ɗaya da sunan ƙwato masa haƙƙi.

Maganin wannan ciwo yana ɗaukar watanni masu yawa, kada ya tsallake ko kwana ɗaya. In Sallah ta zo ba a canja ba, kuma shi ya yarda, ku koma Safana kusa da asibiti, amma ku yi sallama kafin ku fita. Kwanon kuwa, ki kankare fentin ki riƙa zuba wa kaji ruwa.

Allah ya ba shi lafiya, ya zaunar da shi cikin 'yan uwansa kafin a yanka rago.

Gwaggo Turai