Itatuwan Cibiya Ɗari Biyu da Sha Ɗaya

Punta Dalag, 9 ga Maris

Kawu Temyong,

Ina tambayarka, wa ya ci? Kai da ka rantse a bainar jama'a cewa macen da ke zaune da mace ba za ta iya tsaya wa kowa a kotu ba, wa ya ci?

Bayan haka, ina gaisuwa. Yaya ƙafarka, yaya Gwaggo Nena da jikokin? Yayata Analyn na gaishe ka, cikinta ya shiga wata takwas. Ka san a haihuwar fari ba don ɗakin haihuwar nan na bakin teku ba, da mun binne ta. Shi ne kai, mai unguwa guda, ka sa hannu a rushe shi, a sare itatuwan bakawan ɗin da ke tare mana igiyar ruwa, kamfani ya haƙa tafkin jatan lande. Ka rubuta wai fili ne da ba mai amfani da shi.

Ranar da Lauya Zenaida ta zo don ta tsaya mana a kotu, ka ce da ita, "Mata-maza, je ki nemo miji tukuna." Dariya ta yi ta ce, "Kawu, Dolor ta ishe ni, kai dai nemo lauya." Ni makaranta aji shida na tsaya, amma littattafan dokar da ta ara mini na cinye su a cikin kwalekwale, har na gane abin da ka sa wa hannu.

Abin da ka manta shi ne al'adar Inna Pilang ungozoma. Shekara talatin, duk jaririn da ta karɓa, sai ta binne cibiyarsa a tabon bakin tekun nan ta dasa bakawan a kai. Lauya ta roƙi alƙali ya zo ya gani da idonsa. Jiya da ruwa ya janye, ya taras da iyaye mata cikin tabo har gwiwa, kowace riƙe da itacen ɗanta tana kiran sunansa. Ɗari biyu da sha ɗaya! Alƙali ya tuɓe takalmi ya shiga. Kafin la'asar ya hana kamfanin taɓa ko reshe. Ɗakin haihuwa na nan, maganin tazarar haihuwa na nan, Analyn za ta haihu a inda ta saba. Dolor, abokiyar zaman Lauya, ta dafa kifi da shinkafa, duk unguwa muka ci, har da masu zaginsu.

Kawu, na ga Gwaggo Nena a tabon, riƙe da itacen ɗanka Boyet. Ran Lahadi bayan coci za mu taru a filin ƙwallon kwando, na riga na aro lasifika. Ka zo ka gaya wa jama'a, ka gaya wa Gwaggo, cibiyar ɗanka ce ka ce ba ta da mai ita?

Ka huta lafiya, ka sha maganin ƙafarka.

Ɗan ƙanwarka,
Rodel