Gurbin 'Yan Afirka

Talata, 20 ga Mayu, 2008
Mun je jami'ar da nake nema a nan China, ni da Baba. Matar ofis ta ɗauka tafintarsa ce ni, ta yi ta zuba mini Sinanci. Ni da ban wuce gaisuwa ba! Na ce da Turanci gurbin ɗaliban Afirka nake nema. Ta dubi fasfona, ta dubi idona, ta yi dariya.

Alhamis, 22 ga Mayu
Wai gurbin na 'yan Afirka ne "na ainihi". To ni ta jabu ce? A Kano aka haife ni. 'Yan China biyun da suka haife ni, ma'aikatan masaƙa, sun mutu a haɗarin mota ina jaririya, Inna Rekiya matar Baba ta goya ni. Ko mafarki da Hausa nake yi.

Juma'a, 6 ga Yuni
A gidan abinci a Dengfeng, unguwar 'yan Afirka, Munkaila shugaban ɗaliban ƙasarmu ya ce wa Baba, "Alhaji Tankari, a bar wa baƙaƙe abinsu mana, ita ai gida ta zo." A gabana. Ya manta ina jin Hausa. Haushi ya hana ni cin tuwon.

Lahadi, 15 ga Yuni
Akwai wata ƙofar: gurbin masu jinin China da suka tashi a waje. Sai dai a takardar neman, sunan wanda ya haife ni ake so a wurin uba, Baba kuma "mai riƙo". Na ce wallahi ba zan rubuta ba. Ya ce, "Raliya, karatu na kawo ki, ba gardama ba." Bai dube ni ba da ya faɗa.

Laraba, 18 ga Yuni
Na rubuta.

Juma'a, 8 ga Agusta
Gari duk ya ruɗe da wasannin Olamfik na Beijing. Jami'ar ta ɗauke ni. Baba kuma an ƙi sabunta masa biza, wai an tsaurara saboda wasannin. Ni ana ta yi mini barka da dawowa gida. Gidan wa?

Asabar, 30 ga Agusta
Baba ya hau da akwatina har bene na biyar a gidan kwanan ɗalibai, yana haki. 'Yar ɗakinmu ta tambaya da Turanci ko waye shi. Na ce shi ya riƙe ni. Ai ba ƙarya na yi ba.
Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa zai sa mini albarka. Tana kallonmu. A tsaye na yi masa sallama, ban durƙusa ba. Ya ɗan jira, sannan ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a."
Ɗakin ne ƙarami, ba wurin durƙuso.