Aya a Kan Kafet

Talata, bayan isha'i

Gwiwoyina sun yi tsami, tun la'asar nake durƙushe a falo. Baba ne ya dage sai ya yi min rubutun sha saboda ciwon kan nan, alhali hannunsa rawa yake yi tun da aka sallamo shi daga asibiti. Allon ya suɓuce masa, ya kife a kan sabon kafet ɗina, tawadar ba ta bushe ba. Ina ɗagawa, sai ga aya raɗau a ƙasa.

Na rarumo burushi da sabulu, raina a ɓace. Ya ce, "A'a, Hadiza. Ba a dirje aya, ruwanta kuma ba ya shiga kwata."

Haka na yi ta dangwalawa da farin ƙyalle, ina matsewa a kwano, ina kaiwa gindin mangwaro. Maigadin gidanmu sai kallona yake yi.

Tabon ya fita, saura 'yar inuwa. Amma na ga yadda Baba ya zuba wa hannunsa ido, ya ce, "Ki yi haƙuri, uwata."

Kan ya lafa. Duk da haka gobe zan ce masa bai daina ba, ya sake rubuta min.